Waƙar da Na Bayar Ranar Godiyar Baba Ishaya

Na san abin da aka faɗa muku. An ce uwarku ta ci mutuncin wan mijinta a cikin majami'a, ranar Lahadi, a gaban baƙi. An ce kuma dalilin ke nan da aka ɗaura auren 'yar'uwarku Rifkatu ba tare da ko namiji ɗaya daga gidan ubanku ya tsaya mata ba. Duka an yi, ba zan musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce haka kawai na tashi da safe bakina ya yi mini ƙaiƙayi. Bakina dai yana ƙaiƙayi, wannan duk Kamazou an sani, marigayi ubanku ma yakan ce da gwamnati na karɓar haraji a kan surutu da tuni an kwashe mana kwanon rufi. Amma wannan maganar na daɗe ina tauna ta, kuma na san abin da za ta jawo mini tun kafin in buɗe baki. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, don haka bari in rubuta muku yadda aka yi, kada in tafi in bar ku da abin da wasu suka ga dama suka ɗinka.

Lokacin da sojoji suka koma bariki aka ce farar hula su zo su gwada, ubanku Bulus bai daɗe da rasuwa ba. Masaƙar da yake aiki ta sallame su, ciwo ya biyo baya, ya tafi ya bar ni da ku da keken ɗinki. Muka kwashe kayanmu daga gidan haya na Barnawa muka dawo ginin da bai ƙarasa ba a Kamazou, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa. Wanda ya riƙe mu shi ne wansa, Baba Ishaya, wanda kuke kira Baba Babba. Ku riƙe wannan da kyau, domin abin da zai biyo baya ba zai shafe shi ba. Shi ya tsaya kuka ci gaba da makaranta, duk kaka kuma buhun masara na zuwa daga gonarsa ta gida ba sai na tambaya ba. Tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, ko allurar wani ba ya ɗauka. Sai dai in ya kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi turmi. Da ya fito takarar kansila ni na ja matan zumuntar majami'armu muka zaga unguwa-unguwa muna masa waƙa har muryata ta dishe. Ya ci, 'yan jam'iyyarsa suka fi yawa a cikin kansiloli, suka naɗa shi shugabansu. Ciyaman kuwa daga ɗaya jam'iyyar ya fito. Mu da ba mu san siyasa ba muka ɗauka ba komai ba ne, tun da duk 'yan gari ɗaya ne.

A bakin hanyarmu akwai wani ɗan asibiti da aka gina tun zamanin soja, aka shafa masa fenti, aka sa kwaɗo aka tafi. Awaki ne ke hutawa a barandarsa. Mace in ta sami ciki, sai ta hau acaɓa ta fita titi, ta hau bas ta shiga gari kafin a yi mata awo, ta yini a layi, ta dawo yara ba su ci ba. Yawancinmu ba ma zuwa. Sai ga ciyaman ya zo da wani tsari, muka ji a rediyo: za a buɗe irin waɗannan ƙananan asibitoci a kowace mazaɓa, a sa ungozoma mai takarda a kowanne, awo kyauta, haihuwa kyauta. Ranar a wajen koyon waƙa har guɗa muka yi. Abin da ya rage kawai kansiloli su amince da kasafin. Suka ƙi. Ciyaman ya yi fushi, shi ma ya danne aikin kwalbatoci da rijiyoyin da kansiloli suka yi wa mutanensu alkawari. In aka kira zama, waɗannan su shiga, waɗancan su fita. In an sake kira, a ce ba a cika ba. Damina ta shigo ta same su a haka.

Na ɗauki ƙafa na je Barnawa gidan Baba Ishaya, na same shi a gindin mangwaro yana duba jarida. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na shiga abin da ya kawo ni.

"Baba, an ce kai ka tare maganar asibiti."

"Ni ne," in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba. "Hannatu, gwamnati ba uwar kowa ba ce. Mu da muka taso, asibitin mishan ko ƙwai ne ko kwanon dawa sai ka kai, shi ya sa muka san darajarsa. Abin kyauta ba ya albarka. Yau a ce kyauta, gobe magani ya bi ta ƙofar baya, jibi a kulle. Mace mai ciki nauyin mijinta ce da danginta da ikilisiya. In gwamnati ta ɗauke wa maza wannan, me ya rage musu?"

"Baba, mazan da masaƙa ta kora? Ai kansu ma ya fi ƙarfinsu."

"Ni da Bulus a ɗakin uwarmu aka haife mu, a kan tabarma."

"Ku nawa ta haifa, Baba, ku nawa kuka rayu?"

Ya san kaburburan ƙannensa da ke bayan gidansu na ƙauye, ni ma na san su. Gaskiya ba duk maganarsa ce banza ba, na sha ganin kayan gwamnati sun yi ƙafa. Da a nan ya tsaya, da na koma gida ina cewa ra'ayi ne, kowa da nasa. Amma da ya rako ni bakin get sai ya rage murya.

"Ke ba ki san siyasa ba. In aka buɗe yanzu, sunan wa za a kira? Yaransa zai zuba a ciki, zaɓe mai zuwa matan nan naki su bi shi da guɗa. A bari mu karɓi kujerar tukuna, sai a duba."

Na ce masa ciki ba ya jiran zaɓe. Ya yi dariya ya ce in gaida yara.

Ku manyan za ku tuna Laraba. 'Yar Filato ce, mijinta bakanike a Mahuta, gidansu na bayan namu. Ita ke kaɗa mana tulu a zumunta, hannunta kuwa in ya sauka a bakin tulun nan, ko dattawa sai ka ga kafaɗa na motsi. Ni ke ba da waƙa, ita ke riƙe ni. In numfashina ya ƙare ta sani, sai ta cike gurbin da kiɗa har in dawo. Tana da ciki a shekarar. Ƙafafunta suka kumbura, fuska ma haka, muka riƙa tsokanarta wai tagwaye ne, wai ta rage shan gwate. Ta ce kanta na sarawa, muka ce rana ce. Babu wadda ta san alama ce a cikinmu, kuma babu mai gaya mana. Wata rana da hantsi ina kan keke sai na ji ihu. Na tarar da ita a ƙasa kusa da murhu tana jijjiga, idanu sun juye. Muka ɗauke ta a zane, mu mata, muka bi ta gaban asibitin nan mai kwaɗo muna neman mota. Ruwa ya cinye hanya, a-kori-kurar da muka samu sai da ta kafe aka tura. Nas ɗin da ta fito mana a babban asibiti ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi jininta ne ya hau, kuma da ana auna ta tun ciki na ƙarami da an gani. Laraba ta tafi, abin da ke cikinta ma ya tafi. Muka dawo da ita ta wannan hanyar dai, awaki na nan kwance a baranda.

Ba a daɗe da binne ta ba aka yi sanarwa a majami'a cewa Baba Ishaya zai yi sujadar godiya saboda kujerar da Allah ya ba shi. Ku na yanzu kuna da jita da lasifika, bari in gaya muku yadda ake yi a lokacin. Mai godiya yana tsayawa a bakin ƙofa da iyalinsa da baƙinsa, ba ya ɗaga ƙafa sai matan zumunta sun tayar da waƙa. Mai ba da waƙa ta jefa amshi, mata su cafke, sannan ta riƙa saka baitoci tana ambaton sunansa da alherin da ya yi, ana rakiyarsa da rawa har gaban bagadi ya ajiye baikonsa, wato kyautar godiyarsa. Baitocin nan ba mai rubuta mata, ba mai tambayarta kafin lokaci. A duk ikilisiya wannan ne kaɗai wurin da mace ke magana maza na saurare, ba mai katse ta. Mai ba da waƙar kuwa ni ce.

A daidai wannan lokacin ne maganar auren Rifkatu ta nuna. Iyayen Ayuba, mai nemanta, sun zo daga Nasarawa, kuma tun da ubanku ba ya nan, gaban Baba Ishaya suka durƙusa, shi ya karɓi gaisuwarsu, shi ya sa rana kusa da Kirsimeti. Shi zai riƙe hannunta ya shigo da ita, in fasto ya tambayi wanda ya ba da ita, shi zai amsa. A wajenmu yarinyar da aka aurar babu uba ko madadinsa, dangin miji kan ɗauke ta kamar wadda aka tsinta, duk ranar da rigima ta taso sai a goranta mata.

Ban yi masa kwanton ɓauna ba, wannan ma ku sani. Na koma Barnawa na gaya masa baki da baki cewa in har asibitin na kulle ranar godiyarsa, ba zan iya yi masa kirari ba, abin da ke raina shi zan rera. Ya yi mini ta'aziyyar Laraba, na ga kuma mutuwar ta taɓa shi, don ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Amma ya ce kwana ne ya ƙare, ko a Turai take da ta tafi.

"Na ji ki, yanzu ke ma ki ji ni," in ji shi. "Ba ni kaɗai ba ne, akwai jam'iyya a bayana, in na sauko yanzu na zama abin dariya. In kika kunyata ni a gaban mutanena, ki nemi wanda zai tsaya wa 'yarki. Ba ni ba, ba kuma wani daga gidanmu ba. Kin san ba na magana biyu."

Na sani kuwa. Da na dawo na gaya wa Rifkatu komai, domin ba na son a ce na yanke a ɓoye. Tana zaune kusa da ni tana kalmasa bakin zanen ankon bikinta. Ta ajiye allura.

"Mama, ki bari a wuce bikin mana. Bayan biki ki yi masa duk waƙar da kike so, ni zan yi miki amshi."

"Bayan biki a ina zan same su? Ranar ce kaɗai duk kansilolinsa za su zauna a benci ɗaya su yi shiru dole. Kuma ki duba zumunta, mata nawa ke tura ciki a gaba? Kafin Kirsimeti wasu za su haihu."

"To ni fa? Ni ba 'yarki ba ce? Anti Laraba ta riga ta tafi, waƙa ba za ta dawo da ita ba. Ni ina nan da raina, ni za a yi wa dariya a gidan miji."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ni ma na yi nawa a kan keke, ina taka shi don kada a ji. Maganar ta kai kunnen fasto, ya zo har gida. Mutumin kirki ne, mai gudun fitina. Ya ce majami'a ba dandalin siyasa ba ce, in na ga ba zan iya yabo ba, in kwanta a gida in ce mura nake yi, wata ta ba da waƙar, ai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ce masa wanda ya kwaso kansiloli ya kawo cikin majami'a a yi musu rawa shi ya shigo da siyasa, ba ni ba. Na kuma tambaye shi ko yau shi da kansa ke koya mini ƙarya. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya yi addu'a ya tafi. Na yi tunanin shawararsa fiye da yadda ya zata. In na kwanta, Rifkatu ta tsira, Baba ya tsira, ni ma na tsira. Amma wata za ta tashi ta ce Baba Ishaya mai share hawayen mata, matan da suka ɗauki Laraba a zane su yi amshi suna rawa. Duk lokacin da na kawo wannan a raina sai abinci ya fita kaina. Ban gaya wa ko mace ɗaya a zumunta abin da zan rera ba, don in an tashi hukunci a same ni ni kaɗai.

Ranar Lahadin majami'a ta cika har waje. Motoci sun yi layi a bakin hanya, kansiloli sun sha manyan riguna, matansu sun kafa ɗaurin kai kamar za su taɓo silin. Mu muna gefenmu cikin zanen zumunta. An ba wata tulun Laraba, tana ƙoƙari, amma hannu ba ɗaya ba ne. Bayan wa'azi aka ce lokacin godiya ya yi. Baba Ishaya ya tsaya a bakin ƙofa cikin farar riga, matarsa a gefe, mutanensa a baya. Ya dube ni, na dube shi. Na ɗaga hannu aka fara kiɗa, na jefa amshi:

"A buɗe asibiti, Baba, mata na ƙarewa."

Ba wadda ta amsa. Mai ganga ta tsaya da hannu a sama. Waƙar da ba a yi wa amshi ba ta mutu ke nan, mai ita kuma ta zama mahaukaciya a tsakiyar jama'a. Na sake jefawa, muryata ita kaɗai ta bugi kwano ta dawo. Na hango Rifkatu ta sunkuyar da kai a cikin 'yan mata. Na ce a raina, to Hannatu, kin kashe wa 'yarki biki a banza. Ina shirin sake jefawa sai na ji wata tsohuwar murya a bayana ta karɓa. Mama Talatu ce, uwar zumunta, wadda ta wanke gawar Laraba, kuma ita kanta 'yar gani-kashe-nin jam'iyyar Baba ce. Da ta karɓa sai na kusa da ita suka bi, mai tulu ta shigo. Ba duka suka amsa ba, wasu sun kama bakinsu suna kallon mazajensu, amma waɗanda suka amsa sun isa a ji. Sai na saka baitoci. Ban zage shi ba. Ga abin da na ce:

"Baba Ishaya, ba ka ci na kowa ba, mun shaida,
Ka riƙe marayun ƙaninka, mun shaida.
Laraba ta wuce ƙofar asibiti a cikin zane,
Kwaɗo na rataye, makulli na hannunku.
Kai da ciyaman ku yi faɗanku a kan kujera,
Ku bar mana gadon haihuwa."

Al'ada ta ɗaure shi. Waƙa ta tashi, dole ya shigo, ko kuwa ya juya da baikonsa a hannu. Wani kansila ya yunƙuro zai zo wajena, Baba ya tare shi da hannu. Sannan ya tako. Bai yi rawa ba, bai yi sauri ba, bai kalli kowa ba. Ya bi tsakiyar majami'a shi kaɗai, don mutanensa sun tsaya cirko-cirko a ƙofa, muna rera masa mutuwar Laraba har ya isa gaba. Ya ajiye baikonsa, ya durƙusa ya yi addu'arsa, ya tashi ya fita ta ƙofar gefe. Allah ya sani a wannan tafiyar tasa na ji tausayinsa, na kuma ga girmansa, har hawaye ya zubo mini. Amma ban sauke waƙar ba sai da na kai ƙarshenta.

Dattawa suka zauna a kaina. Aka sa ni horo: aka karɓe ba da waƙa, aka hana ni jibin Ubangiji, aka ce in koma bencin baya tare da mashaya burkutu. Na je na zauna kowace Lahadi, da zanena mai kyau, ina gaida maƙwabtan bencina. Wasu matan suka zo suka karɓe ɗinkinsu ba a gama ba. Buhun masara bai zo ba a kakar nan. A kasuwa wasu kan ce Hannatu kin burge mu, amma a hankali suke faɗa suna waige. Mutanen ciyaman kuwa suka aiko wai in zo in rera a taronsu, za su yi mana anko. Na ce a koma a gaya masa shi ma yana cikin waƙar, wanda ya hana mutane rijiya don ya rama ba shi da bakin magana. Waƙar dai ta fi ni ƙafa, na ji an ce matan wasu majami'u a Mahuta da Barnawa sun ɗauka. Asibitin an buɗe shi daga baya, amma ba a shekarar ba, sai da manyan suka zauna suka raba guraben ma'aikata, kowa ya sa nasa. Ba zan ce muku waƙata ce ta buɗe shi ba, ban sani ba. Kafin a cire kwaɗon mun sake binne wata.

Da biki ya matso na sake zuwa Barnawa, wannan karon da gwiwoyina na shiga falonsa. Na ce in laifi ne ni na yi, Rifkatu ba ta rera komai ba, 'yar ƙaninsa ce, jininsa ce.

"Abu ɗaya ne," in ji shi. "Ki tashi gaban ikilisiya ki ce sharri kika yi mini, Shaiɗan ne ya ari bakinki. In kin yi, zan riƙe hannunta."

"Baba, zan tashi in ce na kunyata ka, in roƙe ka gafara a gaban kowa. Ko a ƙasa ka ce in kwanta zan kwanta. Amma ba zan ce ƙarya na yi ba. Laraba ta mutu, asibiti na kulle."

"To mun gama magana."

Ranar ɗaurin aure bencin dangin uba babu kowa. Baba ya hana su, sun kuma hanu, har waɗanda suka ci tuwona shekara da shekaru. Rifkatu ta shigo da ƙawayenta kawai, cikin farar rigar da na ɗinka mata, dangin Ayuba suna ta leƙen bayanta suna neman wanda ya kamata ya riƙe ta. Ni ina bencina na baya, uwar amarya guda, domin horona bai ƙare ba. Aka yi waƙa, aka yi karatu, sannan fasto ya zo wurin da nake tsoro. Ya yi tambayar a hankali, kamar mai fatan kada a ji.

"Wa ya ba da wannan 'ya aure?"

Ya dubi bencin da babu kowa, ya dubi ƙofa. Na ga Rifkatu ta fara kuka. A wajenmu mace ba ta amsa wannan tambaya, balle gwauruwa, balle wadda ke ƙarƙashin horo. Na tashi. Majami'ar nan ba ta taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba, ina tafe ina jin ƙus-ƙus ta ko'ina. Da na isa gaba na buɗe muryar da nake ba da waƙa, yadda na waje ma zai ji.

"Ni ce. Ni na haife ta, ubanta Bulus yana wurin Ubangiji. Ni na bayar."

Fasto ya juya ya kalli mahaifin Ayuba. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai ya ce sun karɓa. Na kama hannunki, Rifkatu, na sa a cikin na mijinki. Hannun ya yi sanyi, kuma ina sakinsa kika kau da kai. Ba ki dube ni ba ranar, ko a wajen cin abinci, kin tafi gidanki ba ki yi mini sallama ba. Na san kuma abin da kika sha a bakin dangin miji. Ba ki taɓa kawo mini ƙara ba, amma an gaya mini sun daɗe suna kiranki amaryar da mace ta bayar.

Mun shirya daga baya, irin shiryawar uwa da 'ya, ba tare da an tayar da maganar ba. Baba Babba ya rasu bai sake taka gidana ba. Ke kuma ba ki taɓa tambayata ko na yi nadama ba, na san amsar kike tsoro. To ga ta. Da za a mayar da ni ranar, in ga Baba a bakin ƙofa, in gan ki kin sunkuyar da kai, zan sake jefa waƙar nan. Ni na rera, ke kika ɗauki nauyin, ba ki ci ba ba ki sha ba, wannan kuwa yana ci mini rai har gobe. A kan wannan nake roƙonki gafara, 'yata. A kan waƙar ba na roƙon kowa.